Baƙin haƙori da farin magani: abin da ya kamata a tambaya a Nguru da Gashuwa

Haƙori ɗaya tak da ya yi duhu a gaban baki yana iya hana mutum dariya shekara ashirin. Mai shi ya san ranar da abin ya faru: faɗuwa daga babur, ko karo da bakin rijiya, ko ƙwallo a filin makaranta. Jini ya tsaya, ciwo ya wuce, aka manta. Bayan watanni sai haƙorin ya soma rinewa, daga ruwan toka zuwa ruwan ƙasa, wani ma har ya kusa baƙi. A saka gawayi, a saka asuwaki, a ƙarar da man goge baki, ba ya ko gezau, domin dattin ba a waje yake ba.

Likitocin haƙori suna da maganin wannan fiye da shekara sittin. Ana buɗe haƙorin ta baya, a zuba sinadarin da ke kashe launi a cikin kogonsa, a rufe, a bar shi ya yi aiki daga ciki. Hanya ce mai kyau, mai sauƙin kuɗi idan aka kwatanta da yi wa haƙori hula, kuma ba ta buƙatar a sassaƙe lafiyayyen ɓangarensa. Ra'ayina shi ne hanyar ta cancanci ta isa Nguru da Gashuwa kamar yadda ta isa Wuse da Maitama. Amma idan sinadarin ya riga na'urar ɗaukar hoto da ƙwararren hannu isa can, garin neman gira za a rasa ido. Ma'aikatan tarayya da hadiman masu riƙe da muƙamai, waɗanda ke rubuta takardun kasafi da tsara ayyukan mazaɓu, suna da hannu a kan wanne zai fara isa.

Da farko a fahimci abin da ke rina haƙorin. A tsakiyar kowane haƙori akwai ɗan kogo mai ɗauke da jijiya da hanyoyin jini. Idan bugu ya yi ƙarfi, jini yakan fashe a wannan kogo. Ƙwayoyin jinin su ruɓe, ƙarfen da ke cikinsu ya haɗu da wasu sinadarai ya yi duhu, ya kutsa cikin dubban ƙananan kafofin da ke jikin ƙashin haƙorin. Sau da yawa jijiyar takan mutu. Mataccen haƙori kuwa gida ne ga ƙwayoyin cuta: yana iya tara ruwa a ƙarshen saiwarsa ba tare da zafi ba, sai wata rana kunci ya kumbura. Saboda haka duhun haƙori alama ce ta cuta kafin ya zama matsalar kwalliya. Abin da ake fara yi shi ne a cire matacciyar jijiyar, a wanke ramin saiwa, a toshe shi da wani ƙaro na musamman da ake kira gota-faca, wanda asalinsa daga itatuwan yankin Malesiya ne. Mutanen Nguru, garin da ya daɗe da sanin cinikin ƙaro, ba za su yi mamakin jin cewa ƙaro na da aiki har a cikin haƙori ba. Sai wannan aikin ya kammala, hoto ya nuna ya yi kyau, sannan ake maganar fari.

Akwai wani tarko a nan. Ba kowane haƙori da ya canza launi ne ya mutu ba. Wani bayan bugu yakan yi rawaya saboda ƙashi ya cike kogonsa, alhali yana raye. Wani rinin na goro ne da shayi da taba, wanda wankin asibiti ke cirewa. Wani na kafso ne, irin ja da yalon nan na tetarasaikilin da ake ɗura wa yara, wanda ke rina haƙoran yaron da bai kai shekara 8 ba rini na har abada. Wani kuma na ruwan sha ne mai yawan fulorayid, kamar yadda aka sani a Kaltungo da Langtang, inda haƙora da yawa ke yin dabbare-dabbare a lokaci guda. Duk waɗannan haƙora ne masu rai. Wanda ya huda su don ya zuba sinadari ya kashe lafiyayyen abu. Bambancewa na buƙatar gwajin jijiya da hoton haƙori, ba duban ido ba.

Sinadaran da ake amfani da su uku ne, kuma dukansu zuwa wuri ɗaya suke. Akwai haidurojin feroksaid, ɗan uwan ruwan nan mai kumfa da ake wanke gyambo da shi. Sai dai na kemis kashi 3 ne zuwa 6 cikin ɗari, wanda likitoci suka daɗe suna sakawa a haƙori kuwa kashi 30 ne zuwa 35, wanda idan ya taɓa dasashi nan take yake ƙona shi ya yi fari fat. Akwai sodiyam faboret, wani farin gari da ake kwaɓawa, wanda ke sakin feroksaid a hankali. Akwai kuma kabamaid feroksaid, wanda kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ne ke komawa haidurojin feroksaid, wato mai kashi 10 yana ba da kimanin kashi 3 da rabi.

A 1961 wani likita a Amurka mai suna Spasser ya bayyana hanyar kwaɓa faboret da ruwa a rufe shi cikin haƙori, majiyyaci ya tafi gida da shi. A 1963 Nutting da Poe suka maye gurbin ruwan da feroksaid mai kashi 30 don aikin ya yi sauri. Wasu kuma suka riƙa ɗora ƙarfe mai zafi ko fitila a kan sinadarin don ya ƙara kaifi. Haƙora suka yi fari, kowa ya yi murna. Sai a 1979 Harrington da Natkin suka wallafa labarin mutum huɗu da wuyan haƙoransu ya zaizaye shekaru bayan an yi musu wannan aiki. Dukansu sun bugu tun suna yara, dukansu an yi musu amfani da feroksaid mai ƙarfi da zafi.

Wannan zaizaya ita ce babban haɗarin, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Kafofin nan da jini ya bi ya rina haƙori, su ne feroksaid ke bi ya wanke shi. Amma kafofin ba su san iyaka ba. A wuyan haƙori, inda ɓawonsa ya haɗu da saiwa a ƙarƙashin dasashi, wasu mutane suna da 'yar tazara da ba ta da rufi, bugu kuma yakan ƙara buɗe ta. Idan sinadari ya tsiyaya ta nan ya taɓa naman da ke riƙe da haƙori, wurin yakan kumbura a ɓoye, sai ƙwayoyin jiki masu cin ƙashi su far wa saiwar suna gaigayarta daga waje zuwa ciki. Babu zafi. Babu kumburin da ido ke gani. Wani lokaci ɗan ɗigon ja-ja ne kawai ke bayyana kusa da dasashi. Idan hoto ya kama abin da wuri ana iya ceto haƙorin. Idan aka makara, wata rana a kan ƙashin kifi ko tsire zai karye daga gindi.

Alkaluman da ake da su ba na firgita ba ne, ba kuma na sakaci ba. Binciken Friedman da abokan aikinsa na 1988 ya duba haƙora 58 da aka yi wa aikin da feroksaid mai ƙarfi, ya sami zaizaya a kusan kashi 7 cikin ɗari. Na Heithersay a Ostareliya, a 1994, ya bi haƙora 204, ya sami huɗu, kuma duka huɗun sun taɓa buguwa. Daga irin waɗannan bincike ne aka fitar da ƙa'idojin da ake koyarwa yau: kada a ɗora zafi, a shimfiɗa katanga ta siminti na haƙori mai kaurin kimanin milimita 2 a kan bakin saiwa kafin a zuba komai, a fifita sinadari mai sauƙi ko da zai ɗauki lokaci, a canza shi bayan kwana uku zuwa bakwai, sau biyu ko uku ko huɗu, a dakata mako ɗaya zuwa uku kafin a yi cikon ƙarshe, domin ragowar iskar sinadarin na hana ciko kamawa, sannan a riƙa ɗaukar hoto lokaci-lokaci har tsawon shekaru. Wanda ya bi waɗannan ya rage haɗarin ƙwarai. Kuma likita mai gaskiya zai gaya wa majiyyaci cewa farin na iya komawa baya bayan wasu shekaru.

Faboret da ruwa shi ne aka daɗe ana ɗauka mafi laushi ga saiwa. Amma shi ma yana da nasa zance. Tarayyar Turai ta sanya shi cikin sinadaran da ke iya cutar da haihuwa da ɗan tayi, bisa gwaje-gwajen dabbobi, ta kuma hana sa shi a kayan kwalliya, abin da ya sa likitoci da yawa a can suka koma kabamaid. Abin da ke shiga kogon haƙori ɗaya bai kai kan cokali ba, don haka ba abin tayar da hankali ba ne. Sai dai mai juna biyu ta jira. Farin haƙori ba ya gudu.

To me ya kawo Nguru da Gashuwa cikin wannan zance? Mai karatu na iya cewa yankin da ciwon ƙoda ya addaba har gwamnatin Yobe ta ɗora wa masana a jami'ar jiha da ke Damaturu aikin binciken musabbabinsa, yankin da ambaliyar kogin Yobe ke cin gonaki da gidaje, ba shi da lokacin maganar farin haƙori. Ƙorafin yana da nauyi, kuma babu mai hankalin da zai ce a ɗauke kuɗin wankin ƙoda a sayi sinadarin kwalliya. Amma rashin saka abu a kasafi ba ya kashe buƙatarsa. Budurwar da za a kai ɗakin miji a Gashuwa tana kallon bidiyon TikTok ɗin da ta Kano ke kallo. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, zai je neman aiki da bakinsa. A ƙasar da uwayenmu suka rina haƙora da fure da goro don ado, alhazai kuma suka dawo da haƙorin Makka, ba za a ce kwalliyar baki baƙuwa ba ce. Launin da ake so ne kawai ya canza. Inda buƙata take, babu mai biyanta bisa ƙa'ida, wani zai biya ta ba bisa ƙa'ida ba. Mun ga haka a man bilicin na fata, wanda aka yi ta kallonsa a matsayin shirmen mata har sai da hukumar NAFDAC ta ayyana shi a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa a 2023.

Sannan duk ƙa'idojin da na lissafa a sama, kowace ɗaya tana da abokin gaba a arewacin Yobe. Zuwa asibiti sau huɗu ko biyar cikin wata guda abu ne mai sauƙi ga mazaunin Garki. Ga wanda zai taso daga Machina ko Yusufari ko Karasuwa, kowane zuwa kuɗin mota ne da asarar yini. Idan aka tura shi Damaturu ko Kano ko Maiduguri, abin ya ninka. Wannan nisa shi ke sa mai aiki da majiyyaci su haɗu a kan son a gama a zama ɗaya, kuma hanyar gamawa a zama ɗaya ita ce daidai hanyar da ta jawo zaizaya: sinadari mai ƙarfi da zafi. Ga kuma yanayi. Feroksaid yana lalacewa a cikin zafi, Nguru kuwa a watan Afrilu da Mayu takan haura digiri 40. Sinadarin da ya kwana a kanta babu firji ƙarfinsa ya ragu. Wanda bai san dalili ba sai ya ƙara yawa ko ya ƙara kwanaki. Hoton haƙori kuma na buƙatar na'ura da wuta da wanda ya iya karanta shi, a ranar farko da kuma bayan shekara biyu.

Ma'aikacin tarayya yana da nasa haɗarin na daban, wanda yanayin aikinsa ya haifar. Jami'in kwastan ko na shige da fice da ke bakin iyaka, malamin jami'a, ma'aikaciyar jinya a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, da yawansu iyalansu na wani gari. Sai mutum ya shigo Abuja taron kwana uku, ya leƙa asibitin haƙori, a zuba masa sinadari a rufe da cikon wucin gadi, ya hau mota ya koma bakin aiki da niyyar dawowa mako mai zuwa. Mako ya zama wata uku. Cikon wucin gadi ba a yi shi don ya daɗe ba. Idan ya faɗi, yawu da ƙwayoyin cuta su shiga su ɓata aikin saiwar da aka kashe kuɗi a kai. Ko kuma a yi masa canjin wurin aiki, hotunansa su zauna a wani asibiti, sabon likita bai san abin da aka zuba ba. Wanda zai yi wannan aiki ya yi shi a garin da zai zauna wata guda cur, ya karɓi kwafin hotonsa, ya sa a rubuta masa sunan sinadarin da ƙarfinsa. Yana da haƙƙin ya tambayi likita ko an shimfiɗa katanga a bakin saiwa, likitan kirki kuma ba zai ji haushin tambayar ba.

Ta fuskar doka, aikin haƙori a Najeriya na wanda Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta yi wa rajista ne. Huda haƙori da zuba sinadari a cikinsa aikin likita ne ko ta ina aka duba. Matsalar tana wajen sinadarin kansa, wanda ake tallarsa a intanet kamar turare. Turai ta warware nata da lamba. Tun daga ƙarshen Oktoban 2012, abin farin haƙori da ya wuce kashi 0.1 na feroksaid ba a sayar wa kowa sai likitan haƙori, ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba, kuma kashi 6 ne iyaka. A Ingila babbar kotu ta yanke hukunci a 2013 cewa farar da haƙori aikin likitan haƙori ne, ba na mai shagon gyaran jiki ba. Ba sai mun kwafi lambobinsu yadda suke ba. Likitocin can da kansu suna muhawara kan ko iyakar kashi 6 da ta shekara 18 sun dace da yaron da haƙorinsa ya mutu yana ɗan shekara 12, ana yi masa dariya a aji. Abin koyi shi ne samun lamba bayyananniya da sufeton NAFDAC zai iya dubawa a jikin kwali a kasuwar Nguru ranar Talata, ya ce wannan na kanti ne, wannan na asibiti.

Inshorar lafiya ma tana da gyara. Jagorar tsohuwar hukumar NHIS ta jera farar da haƙori tare da hula da dashen haƙori cikin abubuwan da ba a biya sam. Ga mai lafiyayyun haƙora da ke son su yi ƙyalli, wannan daidai ne; bai kamata asusun ma'aikata ya biya kuɗin gayu ba. Amma haƙorin da haɗari ya kashe wani abu ne daban. Dawo da launinsa ƙarshen jinyar rauni ne, kamar ɗinke tabo. Hukumar NHIA, da dokar 2022 ta kafa, tana iya raba biyun: ta amince da farar da mataccen haƙori daga ciki idan akwai shaidar aikin saiwa da hoto. Kuɗin kaɗan ne, sharaɗin hoton kuma zai tura majiyyata wurin masu rajista, ya bar wa hukuma bayanan da za a iya bibiya.

Ga hadiman sanatoci da 'yan majalisa kuwa, jarabawar ita ce aikin jinya na yini ɗaya. Yana da daɗin hoto: rumfa, alluna, layin jama'a. Irin wannan taro yana iya cire ruɓaɓɓen haƙori, ya wanke baki, ya gano masu buƙatar a tura su gaba, kuma duk wannan alheri ne. Abin da ba zai iya ba shi ne aikin da ke buƙatar dawowa sau biyar. Duk ɗan kwangilar da ya saka farar da haƙori a jerin ayyukan yini ɗaya, a soke layin. Kuɗin ya fi amfani a abubuwa marasa ƙyalli: ƙaramar na'urar hoton haƙori da wutar sola da za ta riƙe ta, firjin ajiye magani, kayan aikin saiwa, da gidan da zai sa likitan da ya gama karatu a Jami'ar Maiduguri ko Jami'ar Bayero ya yarda ya zauna bayan shekarar hidimar ƙasa. Kafin a rubuta ko sisi, a ɗaga waya a tambayi sashen haƙori na Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Nguru da na asibitin gwamnati a Gashuwa tambayoyi masu sauƙi: likitoci nawa ne a ƙasa, aikin saiwa nawa aka yi bara, haƙoran gaba nawa aka cire waɗanda da an iya ceto su. Amsoshin su ne za su nuna abin da za a saya.

Akwai ma matakin da ya riga duk waɗannan, wanda kusan kyauta ne. Yawancin haƙoran gaba da ke mutuwa a yarinta suke buguwa. Malaman firamare da ma'aikatan ƙananan asibitoci su san cewa yaron da ya bugi haƙori yana buƙatar a duba shi ko da bai yi kuka ba, a kuma sake dubawa bayan watanni. Idan haƙorin girma ya fita ɗungurungum, a riƙe shi ta kai, kada a kankare saiwar, a mayar da shi gurbinsa ko a tsoma shi cikin madara, a garzaya asibiti cikin sa'a guda. Rabin shafi ne a littafin horar da malamai, kuma hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da ta lafiya a matakin farko za su iya raba shi a kowace makaranta daga Nguru zuwa Gashuwa kafin zangon karatu mai zuwa.